Ƙyallen Jirgin Mijin Yayata

Mijin yayata Banufe ne, kuma tun ranar da ya fara shiga zaurenmu a Mandawari jininmu bai haɗu ba. Yana da jirgin ruwa a kogin Kwara. Wata shekara, Turawa ba su tafi ba tukuna, ya yi shirin doguwar tafiya, sai ya zo Kano ya sayi farin yadin sawaye, ya ce in ɗinka masa babban ƙyallen da ake ɗaura wa jirgi don iska ta tura shi.

Ni maɗinki ne, ban taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin unguwarmu ba. Na yi wa ƙyallen ɗinki irin na riga, siriri, har da ɗan ado a baki. Ya karɓa a gaban abokaina, ya taka gefe ɗaya, ya fizga. Ɗinkin ya farke daga sama har ƙasa.

"Ƙanena, iska ba ruwanta da ado," in ji shi. "Ninka bakin, ka shafa wa zaren kakin zuma. Yayarka ma a jirgin za ta zauna."

Na ce masunci ba zai koya wa Bakano riƙon allura ba, na jefa masa kayansa.

Ya zauna a ƙofar gidanmu yana ɗinkawa da kansa, ina wucewa ko sannu babu. Ɗinkin ya yi muni, ni kuwa na ji daɗin muninsa. Da wannan ƙyallen ya ɗauki yayata suka shiga ruwa. Allah Ya yafe mini, na iya ninkin nan sarai, kakin ma yana cikin kwandona.