Gaisuwa a Gindin Lilo

Cikin shekarun da na yi ina riƙe da sitiyari a gidan Alhaji Ila a Maraɗi, ranar da ba ta taɓa barin raina ba ita ce wadda ya dube ni a zaure ya ce, "Idi, kwana nawa?" Ku da kuka shigo tuƙi da waya a aljihu ba za ku gane nauyin tambayar nan ba sai na yi muku bayani.

A gidan Alhaji, maigida ba ya yanke wa direba ranar dawowa. Kai za ka faɗa da bakinka, kuma ranar da ka faɗa ta zama taka. Waya a lokacin sai a gidan waya ko ofishin manya, ita ma ba kullum take shiga ba. In la'asar ɗin ranarka ta wuce ba a ga hancin mota ba, gida ya ɗauka hatsari ne ko kamu a iyaka, sai a tashi mutum ya bi sawu. In aka tarar lafiyarka lau, ka tsaya sha'aninka ne, sai ka ajiye makulli, ba faɗa ba zagi. Na ga waɗanda suka fita ta wannan ƙofa. Ni kuwa ban taɓa saɓa ranata ba, kuma ina ji da wannan ƙwarai.

Lokacin ƙasa na cikin rikicin farkon siyasar jam'iyyu. Ma'aikata wata da watanni ba albashi, yau yajin aiki gobe zanga-zanga, makarantu a rufe. Ga kuɗinmu sefa an karya mata daraja, kasuwa ta rikice. Alhaji, wanda yake fataucin yadi da hatsi tsakanin Maraɗi da Najeriya, ya sayar da ƙananan motocinsa, saura ɗaya, wadda nake ja. Ita ke kai shi kasuwa, ita ke kai shi gonarsa ta Jiratawa, ita ke ɗauko tsohuwarsa daga Tsibiri in za ta ga likita.

Yara suna gida ba karatu, sun ishi kowa. In ina wanke mota sai su kewaye ni, ni ma bakina ba ya gajiya. Na ba su labarin wani filin wasa da nake wucewa a Kano, mai dawakan katako masu zagayawa, da ƙananan motoci masu karo da juna, da wani lilo mai siffar ƙafar keke wanda ya fi bene tsayi. Cikinsu akwai Nana, 'yar ƙanen Alhaji da ya rasu, wadda aka ɗauko daga Jiratawa. Yarinya ce marar hayaniya, tun da ta zo gidan ba wanda ya taɓa jin ta roƙi wani abu. Ita ta ja mini riga ta ce, "Baba Idi, da gaske in mutum ya hau shina ganin gari duka?" Na ce da gaske. Ta ce, "Za ka kai ni?" Na ce in Allah ya so. Ita ta ɗauke shi alkawari, ni ma haka na ɗauke shi. Magana ta kai kunnen Alhaji, kuma da ya ji marainiyar ƙanensa ce ta buɗe baki karo na farko, ya ce a tafi.

Sai aka zo kan kwanaki. Alhaji ɗan kasuwa ne, shi tafiya a wurinsa a je a yi lodi a juyo. Ya ce, "Lilo ne hwa. A hau a sauko. Ku tai yau ku komo gobe." Yayarsa Hajiya Baraka, wadda za ta raka yaran, ta ajiye carbinta ta ce, "Ila, kana da hankali kuwa? In shiga Kano in hito ban gaida mutane ba? Mako guda, shi ma a guje." Ta fara jero gidaje: gidan surukai, gidan aminiyar innarsu, gidan abokan cinikin Alhaji. Na dubi fuskar Alhaji na ga tafiyar tana shirin mutuwa, don ba zai iya rabuwa da motar mako guda ba, kuma ba zai iya musu da yayarsa ba. Mafi sauƙi gare shi ya ce a bari sai wani jiƙon. Nan ne ya juyo gare ni da tambayar.

Na yi lissafina a zuci. In na ce kwana ɗaya, hanya da iyaka za su cinye shi. In na haura biyu, Alhaji zai fasa. Na ce, "Ranka shi daɗe, mu tashi Asabar, Litinin kahin la'asar muna gida." Ya ce, "Gaisuwa hwa? Gida ko ɗaya kada a tsallake mini." Na ce ba za a tsallake ba. Hajiya ta harare ni ta ce, "Mu gani." Wato yini guda ke nan cikakke, Lahadi, kuma a cikinsa zan zuba gaisuwar mako guda da alkawarin Nana. Gaskiya a lokacin ban san yadda zan yi ba.

Asabar ta tafi yadda na zata. 'Yan duwan, wato kwastan, a iyakar Ɗan Isa, shingayen hanya bayan Jibiya, layin mai a Katsina, ba mu shiga Kano ba sai dab da magariba. Muka sauka gidan Baba Tanimu, mai masaukin gidanmu. Ga waɗanda ba su sani ba, mai masauki shi ne wanda bafatake yake sauka a wurinsa a baƙon gari, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa wajen ciniki, ya zama shaidarsa. Baba Tanimu ya saukar da mahaifin Alhaji tun Alhaji bai san ciniki ba. Dattijo ne mai furfura da ƙarancin magana, Alhaji kansa a tsugune yake gaishe shi.

Lahadi da na fito duba ruwa da mai, na tarar da Nana cikin mota, sanye da kayan sallarta, ta ɗaure kallabi. Muka fara da gidan surukai. Kun san gaisuwar Kano. Sai an jira maigida ya dawo, sai an dafa, sai an ci, sai an tambayi lafiyar kowa a Maraɗi har da waɗanda suka mutu ba a ji ba. Ba mu fito ba sai azahar. Gida ɗaya ke nan, ga sauran suna jira, ga filin wasa ana rufe shi da magariba. A hanyar komawa masauki sauran yaran suna ta ƙunƙuni. Nana ba ta yi kuka ba. Ta matso bayan kujerata ta ce a hankali, "Baba Idi, ba komi. Ko daga nesa ka nuna mini."

Maganar nan ta soke ni. Da ta yi kuka da na fi samun sauƙi.

Bayan an idar da salla a ƙofar gidan Baba Tanimu, na yi abin da direba ba ya yi. Na cire takalmi na je na tsuguna gaban dattijon ba tare da an kira ni ba. Na gaya masa komai tiryan-tiryan: ranar da na faɗa wa Alhaji, gidajen da suka rage, da yarinyar da ke zaune cikin mota tun asuba. Na ce, "Baba, in mu munka aika wa mutanen ga su taho su iske mu, raini ne. Amma in kai ka kira su, girma ne. Roƙona ka aika musu cewa baƙinka na Maraɗi suna hilin wasa, kowa shi taho da ɗiyanshi, a gaisa can."

Ya gyara zama. Na san abin da na ɗora a faifai. In ya ji haushi, saƙonsa zai riga ni isa Maraɗi, kuma ba makulli kaɗai zan ajiye ba, zan bar wa Alhaji tabo a gidan da ubansa ya gina amana.

Ya ce, "Malam direba, so kake in tara dattijai gaisuwa a gindin lilo?" Na ce, "Haka ne, Baba." Ya ce a kira masa yarinyar. Nana ta zo ta durƙusa. Ya ce, "Me ke akwai a wurin nan da ya taso ki tun daga Maraɗi?" Ta ce, "An ce in ka hau kana ganin gari duka." Ya shafa gemu ya ce, "A garin nan aka haife ni, a nan na yi furfura, kullum ina wuce wurin nan, ban taɓa tambayar abin da ke ciki ba." Sai ya ɗaga murya ya ce a kawo masa hularsa, a tashi 'ya'yansa su zaga gidajen.

Hajiya Baraka da ta ji, ta tare ni a soro ta ce, "Idi, ka kashe ni! Mi za ni ce ma mutane?" Na ce, "Hajiya, ba ni na kira su ba, Baba ne." Ta juya ta shige ciki, don ko ita ba ta isa ta ja da Baba Tanimu ba.

Kafin la'asar an shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin wata bishiya a cikin filin. Mutane suka yi ta zuwa, wasu fuska a ɗaure, suna ganin Baba a zaune sai su sake. Na buɗe bayan mota na yi ta fito da tsaraba, cuku da dabino da barkonon Jiratawa, Hajiya tana rabawa. 'Ya'yan Kano da na Maraɗi suka cakuɗe a kan dawakan katako. Waɗanda Hajiya ta zo gaisarwa duk sun zo, har da waɗanda ba ta lissafa ba.

Saura babban lilon. Da muka isa gindinsa Nana ta ɗaga kai, sai ta ƙame. Ta riƙe hannuna gam. Na lallaba, na lallaba, ta ƙi motsi. Rana kuwa tana yin ƙasa. Sai na ji sanda tana ƙwanƙwasa ƙasa a bayana. Baba Tanimu ne. Ya miƙa mini sandar da hularsa ya ce wa Nana, "Ni ma tsoro nake ji. Zo ki riƙe ni kada in faɗo." Ta dube shi, ta saki hannuna ta kama nasa.

Jama'a, na ga abubuwa a kan hanya, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Gaisuwa ta tsaya, kowa ya ɗaga kai. Dattijo da babbar riga, kai ba hula, yana tafiya sama da 'yar yarinya a gefensa. Da suka kai ƙololuwa na ji muryar da ban taɓa jin an ɗaga ta ba a gidan Alhaji: "Baba Idi! Gaskiyarka! Ga shi nan duka!" Na tsaya riƙe da hular mutum da sandarsa, hawaye na zubo mini, ban ji kunyar kowa ba. Da suka sauko Baba yana dariya yana cewa ya ga dutsen Dala ya ga rufin gidansa, ashe rufin yana bukatar gyara.

Litinin muka shiga Maraɗi ana shirin kiran la'asar. Alhaji na zaure. Bai dube ni ba, ya tambayi yayarsa, "An gaida kowa?" Ta ce, "An gaida kowa." Sannan ta ƙara, "A gindin lilo." Ta kwashe labari ta ba shi. Na ga fuskarsa tana sauyawa. Ya ce, "Idi, kai ka sa Baba Tanimu ya hau lilo?" Na ajiye makulli a gabansa na ce, "Ni na roƙe shi ya kira mutane. Hawa kuwa, shi da Nana sunka shirya." Hajiya ta ce, "Ai da saƙo. Baba ya ce in hwaɗa maka, baɗi a ba lilo kwana biyu nashi na kanshi, kuma direban ga za a turo." Kafin Alhaji ya yi magana Nana ta shigo a guje, ta faɗa jikinsa tana ba shi labari ba numfashi. Ya saurare ta har ta gama, yana kallon yarinyar da bai taɓa jin dariyarta ba. Sannan ya tura mini makullin da ɗan yatsa ya ce, "Tai ka wanke mota."

Abin da na koya shi nake gaya wa duk wanda na ɗora a kan sitiyari. In an tambaye ka kwana nawa, kada ka lissafa hanya kaɗai, ka lissafa ƙofofin da za a shiga da wanda ke zaune a bayanka yana jira. In kuma rana ta ƙure maka, ka je wurin babba ka faɗi gaskiya tsirararta, don dattijan sana'ar nan sun fi yadda muke zato taushin zuciya. Nana yanzu malamar makaranta ce a Tsibiri. Da za ta kai nata 'ya'yan Kano karo na farko, ta zo har gida ta durƙusa ta ce, "Baba Idi, kwana nawa?" Na ce biyu na lilo, kamar yadda marigayi Baba Tanimu ya yanke. Ta ce, "To shirya, kai za ka riƙe ni."