Wadda Ba Ta Karɓar "Da Sauƙi"

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ba mu jiki amana, sannan Ya sanya a cikinmu waɗanda za su taya mu kiwonsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, a ƙarshen watan nan wata baiwar Allah za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗaya, kuma na ga bai dace ta tafi shiru ba alhali da shaidu a raye.

Ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin unguwarmu. Tsofaffi ba su kiran ta da sunanta, Sai-Na-Gani suke ce mata, ita kuma tana amsawa. Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin awo, ɗaki mai benci biyu da sikeli da taga ɗaya da ba ta rufuwa sosai. Talata da Alhamis ranakun masu hawan jini ne da masu ciwon sukari. Kowannenmu yana da ɗan littafi da take rubuta awon jininsa da sukarinsa da nauyinsa, kuma doka ce ka zo da ragowar maganinka. Za ta zazzage shi a faranti ta ƙirga. Idan ƙwaya goma ya kamata ta rage ta tarar da ashirin, ba ta faɗa, sai dai ta dube ka ta ce, "Baba, haihuwa suke yi a aljihunka?" Wanda ba ya karatu kuwa, ta ɗaure masa magani da lokutan salla: wannan bayan asuba, wancan bayan magariba. Da wuya ka ga wanda ta yi wa haka ya manta.

Haka take bin abinci. Na ji ta tambayi wani dattijo direba sukari cokali nawa yake zubawa a shayi. Ya ce biyu kacal. Ta ce, "Cokalin shayi ko na miya?" Ɗakin ya ɗauki dariya, shi kuma ya sunkuyar da kai.

Amma abin da ya jawo mata laƙabinta kalma ɗaya ce. Mu mutane ne da aka tarbiyyantar a kan cewa idan an tambaye ka jiki, ka ce da sauƙi. Ko kana kan gadon asibiti, da sauƙi. Tarbiyya ce mai kyau, domin tana tsare harshe daga ƙorafi ga hukuncin Ubangiji. Ita kuwa a bakin ƙofa take karɓar wannan amsa a matsayin gaisuwa. Da ka zauna a kujerar awo sai ta ce, "To, sai na gani."

Ina da ƙane tela, wanda ya yi shekara arba'in yana taka keken ɗinki, da shi ya ciyar da iyali. Shekara takwas da suka wuce, wata Alhamis, muka je awo tare, ina zaune a benci ina jiran layina. Ta buɗe littafinsa ta ga sukari yana ta hawa wata uku a jere. Da ya hau sikeli kuma ta lura da ɗan tabo a safarsa ta dama.

"Baba Tela, ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Na taya ka godiya. Cire safa."

Ya yi dariya ya ce, "Haba 'yata, hannu muka saba ba ki. Yau kuma ƙafa? Takalmi za ki ɗinka mini?"

Ta ce, "Kai da ka tsufa kana auna mutane, ka taɓa yanka yadi don mutum ya ce maka ya san awonsa?"

Sai ya cire safar. Ta sa shi ya rufe ido, ta ɗauko wani siririn zaren roba, ta ce duk inda ya ji an taɓa tafin ƙafarsa ya yi magana. Ina kallon ta tana taɓa wuri bayan wuri. Can sai ya ce, "To, fara mana."

Ta ce, "Na gama tun ɗazu, Baba."

A ƙarƙashin babban yatsansa ta gano guntun allura, wurin ya kumbura ya soma baƙi. Allah kaɗai Ya san kwana nawa ya yi yana takawa a kanta. Ashe ciwon sukari idan ya daɗe yakan kashe jin ƙafa. Ƙanena bai yi ƙarya ba da ya ce da sauƙi, iyakar abin da ya ji ya faɗa. Rashin zafin shi ne ciwon.

Ta rubuta takarda ta ce yau ɗin nan zai tafi babban asibiti. Ya ce sam, akwai kayan makaranta na mutane da ya yi alkawarin miƙawa ranar Litinin, kuma alkawari kaya ne. Ya ƙara da cewa shi ya yi tawakkali. Muryarta ba ta tashi ba. Ta ce, "Idan ka jira Litinin, ina tsoron ba yatsa kaɗai za a yi magana a kai ba. Da wace ƙafar za ka taka keken bayan nan?" Sannan ta juyo gare ni: "Malam, ku kuka karantar da shi haƙuri. Ku gaya masa ko haƙuri ya hana zuwa asibiti."

Na gaya masa abin da malamanmu suka koyar da mu, cewa bayyana ciwo ga mai magani ba ƙorafi ba ne, kuma neman magani yana cikin tawakkali. Amma shaida ta gaskiya ita ce, tambayarta ce ta karya masa gardama kafin in buɗe baki. Ita ta kira matarsa a waya, ita ta ba da shawarar a kai ɗinkin wurin maƙwabcinsa tela. Kafin azahar yana gaban likita.

Kwana goma sha tara ya yi a kwance. An cire yatsan, ƙafar ta tsira. Likitan ya gaya mana a gaban idona cewa da an ƙara mako guda, daga ƙasan gwiwa za a yanke.

Da aka sallamo shi, wata biyu Sai-Na-Gani tana wanke ciwon kowace safiya. Ta zaunar da matarsa suka bi abincin gidan ɗaya bayan ɗaya: a rage sukari da farar shinkafa da burodi, a ƙara ganye da wake, a daina tsallake cin safe ana shan magani a kan yunwa. Ta koya mata duba tafin ƙafarsa kullum, ta hana shi yawo ba takalmi a shago. Ya yi ta mita cewa shayinsa ya zama kamar hukunci. Matar takan ce, "Sha, ko in kai ƙararka wurin Sai-Na-Gani." Sai ya sha.

Ke ce, ya 'yata, wadda ba ta ji nauyin furfurarmu har ta bar mu mu halaka ba, kuma ba ki taɓa wulaƙanta furfurar ba. Kin girmama gaisuwarmu, kika ƙi gina magani a kanta. Mai ido a kan amana, ba a rubuta sunanki a jikin wani gini ba, amma akwai gidaje da yawa a unguwar nan da har yau ake kiran "Baba" a amsa, bayan ikon Allah, saboda kin tsaya kin duba. Allah Ya saka miki da mafificin alheri, Ya ba ki lafiyar da kika yi wa mutane tattali, Ya sa hutunki ya zama mai albarka, Ya kyautata ƙarshenki da namu.

Ga matasan da za su gaji wannan ɗaki, ku sani majinyacinmu zai ce muku da sauƙi da zuciya ɗaya. Ku amsa masa da ladabi, sannan ku auna. Mu kuma tsofaffi, mu gode wa Allah da harshenmu, mu miƙa hannu da ƙafa ga mai awo, mu sha magani yadda aka ce, ba sai ranar da muka ji jiki ba.

Da na gaya wa ƙanena zan yi wannan rubutu, yana kan kekensa yana takawa. Ya tsayar da shi, ya ce in sanar da ke, Sai-Na-Gani, cewa ranar bankwananki kada kowa ya aiko masa da mota. Da ƙafarsa zai zo.