Maiwada da Albasar da Ta Haye Teku

Zamanin da Aliero ke cikin jihar Sakkwato, babu manomin albasar da ya kai Maiwada rigima a kan ruwa. Mutum ne gajere mai saurin tafiya, kuma ko hadari ya gani can wajen Jega, sai ya bar abinci ya ruga rumfar ajiya. Albasa in ta jiƙe ta ruɓe, in an rufe ta ruf ta yi zafi ta ruɓe. Tsakanin waɗannan biyun Maiwada ya yi rayuwarsa.

Wata damina ya ji labarin albasa na tsada a Gabon. Bai yi shawara da kowa ba, ya ɗure noman shekararsa kaf, buhu arba'in, ya ɗauki taubashinsa Alu na Maiyama don ya taya shi dako. Babbar mota ta kai su bakin teku, suka shiga jirgin katako mai inji.

Nan Maiwada ya ga abin da bai shirya masa ba: ruwa gaba, ruwa baya, albasa a tsakiya. In igiyar ruwa ta fantsamo ya ja tamfol, in ta lafa ya yaye don iska ta shiga. Alu kuwa ya samu gefen jirgi ya miƙe ƙafa yana kallo.

Da hantsi tsuntsaye suka taso, farare kamar balbela amma fiffikensu ya fi tsawo. Sai su yi sama, su naɗe fiffike, su faɗa ruwa da ka, su fito da kifi a baki.

"Taubashi, taho ka ga masunta," in ji Alu. "Ba gora, ba koma."

"Na gan su. Ukku sun yi min kashi bisa buhu."

Matuƙin jirgin ya rage wuta, ya nuna inda tsuntsayen suka yi cincirindo. Ruwan wurin ya kumbura, wani baƙin baya ya ɓullo, ya yi ta fitowa bai ƙare ba. Fasinja suka yi gefe guda har jirgin ya karkata.

"Maiwada, irin kifin da yah haɗiye Annabi Yunusa ne. Wallahi ya hi motar da munka hau," in ji Alu.

Maiwada ya fara juyowa ke nan, kifin ya yi numfashi. Ruwa ya tashi sama kamar an fasa famfo, iska ta kwaso feshin ta nufo buhuna. Ai sai ya ja tamfol ya faɗa a kai rub da ciki, hannu biyu riƙe da gefe biyu, ƙafafu sun danne sauran. Feshin ya sauka a bayansa, ɗumi-ɗumi, da warin ruɓaɓɓen kifi.

"Ɗago kai, wawa, ga ɗiyanshi nan kusa da shi."

"In na ɗago, kai za ka riƙe min?"

"Ni kallo nika yi."

Sau huɗu kifin ya yi feshi, Maiwada na ƙirgawa da bayansa. Da ya ji shiru ya ɗago, ruwa ya kwanta lumui, tsuntsaye sun watse, Alu na share hawayen dariya.

Albasa ta sauka Gabon a bushe, ko ɗaya ba ta yi laushi ba.

Ya ƙara hawa tekun nan a shekarun da suka biyo baya, kifin bai sake fitowa ba. Har ya tsufa, in yaran unguwa suka taru suka ce Baba Maiwada ya ba su labarin kifin teku, sai ya ce in girmansa da kamarsa suke son ji, su tafi Maiyama su tambayi Alu, wanda kullum kifinsa ƙara tsawo yake.

"Amma in wari kuka so ku ji," yakan ce, "ku zamna. Wannan ni nas san shi."