Lamba Ta Ɗaya

Har gobe ba zan manta da ranar da aka dawo aiki a wata Janairu ba, cikin shekarun tamanin. Lokacin ina masinja a ofishin rajistara na kotu, bayan na bar soja.

Ku sababbin ma'aikata, ga yadda abin yake. Kowace ƙara da lambarta: haruffan kotu a gaba, lamba a tsakiya, shekara a ƙarshe. Sabuwar shekara ta shigo, a koma ɗaya. Ni ke riƙe da injin buga lambar.

Ina buɗe ƙofa sai ga mutum biyu a guje daga unguwar Moduganari: Alhaji Sani mai sayar da kwanon rufi, da maƙwabcinsa Malam Bitrus, malamin makaranta. Kwata ce ta haɗa su, kowa ya ce ɗayan ne ya toshe ta. Wanda ya fara shigar da takarda shi ne mai ƙara. Ɗayan kuwa, duk unguwa za ta ji cewa shi aka kai kotu.

Suka maƙale a ƙofa, kafaɗa da kafaɗa.

"Soja, ni na riga shi!" in ji Alhaji.

"Tumbinka ne ya riga ni, Alhaji. Ƙafata ce a ciki!"

Hular Alhaji ta faɗi, takalmin Malam ya fita. Akawunmu har da kwanciya a kan tebur don dariya. Rajistara ya ce, "Soja, takardar da ta fara sauka gabana, ita za ka buga."

Sai wata 'yar tsohuwa ta sunkuya, ta bi ta ƙarƙashin hammatarsu. Ta gaishe mu da Barbarci, "Wushe," ta ajiye takardarta gaban Rajistara. Rajistara ya duba, komai daidai. Na danna. Ƙas! Lamba ta ɗaya.

Malam ya gane maƙwabciyarsu. "Ya Falmata! Wa kike ƙara?"

"Ku biyun. Ruwan kwatarku ya kayar mini da katanga."

Alhaji ya kama hannuna. "Soja, don Allah mayar da injin baya!"

"Ba ya komawa, Alhaji."

Rajistara ya karanta sunayensu a jere, na waɗanda ake ƙara, yana danne dariya. Suka fita salin alin, suna shawarar lauyan da zai tsaya musu su biyu.

Abin da na koya ke nan. Kotu ba ta duba wanda ya fi haki a bakin ƙofa. Takardar da ta sauka kan tebur take gani.