Ranar da Aka Yi wa Ƙafata Taro

Shekarun baya, a daminar da aka rushe ɗakunanmu na unguwar Durumi a babban birnin tarayya muka kwashe komatsanmu zuwa Dei-Dei, ƙusa ta soke ni a tafin ƙafar hagu. Lokacin dako nake yi a kasuwar kayan gini. Na zare ƙusar, na shafa man birki kamar yadda na ga direbobi suna yi, na ɗaure da tsumma na koma bakin aiki. Ashe ina da ciwon suga ban sani ba. Kafin ruwa ya ɗauke, ƙafar ta yi baƙi ƙirin, ni mai ita ma ba na son warinta.

Abokina, wani direban tifa Kirista daga wajen Filato, shi ya kai ni asibiti. Likitar da ta duba ni matashiya ce, sa'ar ƙanwata. Ta ce, "Malam, sai an yanke daga ƙasan gwiwa. In an bar ta, za ta tafi da kai." Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Na kira mahaifiyata a ƙauye na gaya mata. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "In sun yanke ka karɓi abarka, a naɗe ta a farin ƙyalle a binne. Jikin ɗan Adam ƙasa ce makomarsa. Kada ka bari a ƙona mini ita." Na yi mata alkawari.

Na faɗa wa likitar. Ta ce ƙa'idar asibitin, duk abin da aka cire daga jikin mutum ƙona shi ake yi. Amma suna da wani zama da suke yi, likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a, inda suke tattauna abin da ya dace da wanda bai dace ba a aikinsu. Ta ce za ta kai maganata can, kuma za ta sa a ajiye ƙafar a ɗakin sanyi har a yanke shawara.

Kwanakin bayan aikin sun zo mini kamar a cikin ruwa nake. Allurar kashe zafi ta sa ban san iyakar barci da farkawa ba. Sai in ji babban yatsana yana ƙaiƙayi, in kai hannu in tarar da zanin gado kawai. In na lumshe ido sai in ga ƙafar ita kaɗai ta kama hanyar garinmu, tana ratsa gonakin gero, raɓa tana jiƙa ta, ta tsaya a bakin rafi inda muke wanka muna yara. Ba ta sauri. Ni kuma ba na kiranta.

Ranar zaman, abokina ya tura ni a keken marasa lafiya zuwa wani ɗaki a saman bene. Sanyi kamar ƙarƙashin tsamiya, ga kofunan shayi, ga manya sun kewaye dogon tebur. Abokin nawa ya sunkuyo ya raɗa mini, "Oga, ƙafar nan ya fi ka daraja fa. Kai tun da kake, wa ya taɓa yi maka taro?"

Turanci suke yi, likitata tana tsinto mini abin da ta iya. Muryoyinsu suna sauka a kunnena kamar yayyafi a kan kwano. Wani tsohon farfesa mai furfura ya jefa tambaya: idan an raba ƙafa da mutum, ta wace ce, tasa ko ta asibiti? Wani likitan tiyata ya ce ƙafar da ta ruɓe cuta ce, kuma a garin nan wa zai ratsa shingen 'yan sanda da ƙafar mutum a leda? Abokina bai jira a ba shi dama ba. Ya ce, "Gaskiya ne, oga. Ni dai ba a tifata ba. Ɗan sanda ya buɗe ya gani, sai dai ku kawo mini abinci gidan yari." Har farfesan sai da ya yi dariya. Sai shugabar ma'aikatan jinya, wata dattijuwa mai sarƙar gicciye, ta ce su ma a garinsu ko cibiyar jariri ba a yar da ita, binnewa ake yi. Ta ce mun iya yanka, ya kamata mu iya sallama.

Sun daɗe suna yi. Wani ya kawo yadda ake yi a wata ƙasa, wani ya ce ba haka ba. Ban taɓa ganin mutane suna musu babu mai ɗaga murya ba. Can farfesan ya juyo gare ni da Hausarsa mai nauyi, ya ce, "Malam, kai me kake so?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙafar nan ta ɗauki siminti tare da ni shekara da shekaru. Ba na son in sallame ta da wuta. Kuma na yi wa mahaifiyata alkawari." Daga ƙarshe suka amince: a naɗe ta yadda cuta ba za ta fita ba, motar asibiti ta kai ta maƙabarta.

Abokina ya ruga ya sayo farin yadi, ya sauka ɗakin sanyi. Ya dawo da yadin a ninke kamar yadda ya saye shi. A bayansa ga wani dattijo ɗan asalin yankin, mai kula da wurin ƙona sharar asibiti, hularsa a hannu. Ya ce, "Wallahi ba wanda ya gaya mini. Tun shekaranjiya na sa shi tare da sauran. Da na sani, ni da hannuna zan haƙa masa rami." Ashe likitata ta bar saƙo a ɗakin tiyata, masu aiki suka canza, saƙon bai sauko ƙasa ba. Duk wannan doguwar muhawara, a kan toka aka yi ta.

Farfesan ya zo har bakin gadona, ya cire tabarau ya ba ni haƙuri. Ya ce, "Mun gayyaci kowa, ban da mai riƙe da ashana." Ban iya jin haushin kowa ba. Abin da ya yi mini nauyi shi ne kiran mahaifiyata. Na gaya mata, ina jin kukan kajinta ta cikin wayar. Sannan ta ce, "Wanda ya halicce ta ya san inda tokarta take. Kai dai ka warke."

Bayan haka suka ƙara kujeru biyu a zaman nasu, ɗaya ta dattijon, ɗaya tawa, a matsayin muryar marasa lafiya. Kunyar riƙe takarda a juye a gaban farfesoshi ce ta kai ni ajin yaƙi da jahilci da girmana, shi ya sa yau nake iya rubuta muku wannan, a hankali. Na koyi cewa magana mai kyau ba ta gama aiki sai ta sauko daga bene. Mutanen da aka yanke wa gaɓa bayana, duk wanda ya nemi tasa an ba shi.

Ni kuwa abin da na rasa bai da wuyar lissafi: ƙafa ɗaya, sana'ar dako, da alkawari guda da na yi wa mahaifiyata ban cika ba.