Ranar da Surukata ta Kira Jirgi Yana Kan Gudu

Kakana da ƙafa ya zo Makka. Daga ƙasar Kano ya taso, ya ratsa Chadi, ya yi noma a Sudan har gemunsa ya fara fari, sannan ya tsallako teku. Idan yana ba mu labarin hanya, ba ya zancen rairayi ko ƙishirwa. Zancensa ɗaya ne: jirgin ƙasan da ya wuce shi a Sudan bai tsaya ba. Ya ce yana tsaye da sandarsa a gefen dogo, abin ya zo ya shige da mutane a zaune suna cin gyaɗa, ko sannu babu. Har ya koma ga Allah bai huce ba. To ni jikansa na rama masa. Na sayi jirgi sukutum, da layinsa da tasharsa, na shimfiɗa shi a gidana da ke unguwar Rusaifa a nan Makka, kuma inda na ce ya tsaya nan yake tsayawa.

A haraj na same shi, wato kasuwar tsofaffin kaya, cikin wani kwali da ƙura ta yi wa rawani. Ni sana'ata sayar da akwatuna da jakunkuna ga alhazai a unguwar Kudai, na je neman tsohuwar fanka ne don shago, na dawo da kan jirgi biyu, kowanne bai fi tsawon tafin hannuna ba, da taragai, da layin dogon da in an miƙe shi ina jin zai kai Muzdalifa ya dawo. Maiɗakina, 'yar Kano ce haifaffiya, ta leƙa kwalin ta dube ni ta ce, "Malam, ina fankar?"

Na ce, "Hajiya, in wannan ya ɗauki gudu ai iska yake bayarwa."

Ba ta yi dariya ba. Matan Kano ba sa dariya a kan fanka.

Na zagaye majalisin gidan da shi, ɗakin da muke saukar baƙi, layin ya bi gaban matasan jingina ya dawo inda ya taso. Tsohon yayi ne, babu ƙwaƙwalwa a cikinsa ko ta sisin kwabo. Wuta ce ke bi ta cikin ƙarfen layin, in ka murɗa wata 'yar murɗaɗɗiya da ke jikin tiransifoma wutar ta ƙaru sai ya ruga, in ka rage ya lafa. Kuma duk jirgin da ke kan layin umarni ɗaya yake ji. Ba ka isa ka ce wannan ya tsaya wancan ya wuce ba, kamar tumakin gida ɗaya ne, in ɗaya ta zabura duk sun zabura. Matsalar ita ce murɗaɗɗiyar tana can lungu jikin bango, inda soket yake. Duk baƙon da ya zo, ƙeyata yake gani, ina tsugune kamar mai hura wutar murhu.

Hajiya ta yi haƙuri iya haƙuri. Ta taka layin da tafin ƙafa ba takalmi, ta yi ƙarar da maƙwabta suka zaci an yi haihuwa. Injin shara ya haɗiye mata shugaban tasha, wani ɗan mutum-mutumi mai jar hula, muka zazzage buhun ƙura a baranda kafin muka samo shi. Ranar ce ta tsaya a bakin ƙofa, tsintsiya a hannu, ta yanke hukunci.

"Malam, ka ji ni da kyau. Ƙafata na yafe. Amma ranar da jirgin nan ya kunyata ni a gaban baƙo, halas, haraj zai koma. Ni zan kai shi da kaina, in sa kujeru irin na mutane."

In ta haɗa Hausa da "halas" ɗin Larabawa, magana ta ƙare ke nan.

Ana haka maƙwabcina a Kudai, mai gyaran waya, ya nuna mini wani ɗan akwati bai kai sabulun wanka ba. Ya ce in na cire murɗaɗɗiyar na sa shi tsakanin tiransifoma da layi, zai riƙa jin magana daga wayata ta iska, ba igiya ba komai. A fuskar wayar wani ɗan layi ne a tsaye, ka tura shi sama da yatsa jirgi ya tashi, ka janyo shi ƙasa ya tsaya. Na haɗa, na gwada, wallahi har daga kicin na tuƙa jirgi. Na tuƙa shi ina kwance. Na tuƙa shi ina goge baki. Tsohuwar murɗaɗɗiya kuwa na naɗe ta da wayarta na cilla saman kabad, na yi mata jawabin bankwana, na ce zamaninta ya wuce. Sai na ƙara da basira: na manna wa taragan jirgi na farko 'yan zobba na ɗora finjalan gahawa, na biyun na loda masa dabino. Mai gyaran wayar ya faɗa mini abu ɗaya da na saurara da rabin kunne. Ya ce akwatin nan umarnin ƙarshe yake riƙewa, ba ya canjawa sai an ba shi wani.

Sai ga Kawu ya zo umara. Ƙanen mahaifiyar Hajiya ne, dattijo mai tsafta, irin wanda kuda ke neman izini kafin ya sauka a rigarsa. Ya zo gidan bayan la'asar da abokansa biyu, sanye da farar jallabiya sabuwa ƙal wadda ni na kai masa masauki da safe. Ya zauna a lungun nan, ya jingina da matashin da ya rufe soket. Ban ga komai a ciki ba. Me zan yi da soket, ni da nake mulki daga aljihu?

Hajiya ta tsaya bayan labule ta gaishe su, ta rage murya ta ce da ni, "Malam, ka miƙa musu gahawar da hannu."

Na ce, "Hannu na mutanen da ne."

Na cika finjalai, na koma tsakiyar ɗaki na harɗe, na ce, "Kawu, yau a jirgi gahawarku za ta iso." Na ɗan tura yatsa, jirgi ya motsa a hankali kamar ango, na dabino yana biye da shi. Abokin Kawu ɗaya ya ce, "Ikon Allah! Babu direba?" Na ce, "Ga direban nan zaune, Alhaji." Na soma janyo yatsa don ya tsaya daidai gwiwar Kawu.

Sai wayar ta ɗauki ruri a hannuna. Kiran bidiyo. Hoton surukata ya cika fuskar wayar.

Duk wanda ya auri 'yar Kano ya san abin da jiki ke yi a irin wannan lokaci, ba ya shawara da kai. Na zabura, yatsan da ke kan layin tuƙi ya sulɓe har ƙololuwa kafin hoton ya rufe shi, na amsa, na zube a kan gwiwoyina, na cire hula na mayar, na sunkuyar da kai. Inna ta ji labari ƙanenta yana gidana, ta san maza na majalisi, shi ya sa ta kira tawa ba ta 'yarta ba. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kallon fuskar matar nan ido da ido ba, ba kuma a waya zan fara ba. Na miƙa wayar can nesa da fuskata, idona a kan darduma.

"Inna, barka da yamma."

"Barka kadai, ɗan nan. Ya iyali?"

"Lafiya ƙalau, Inna."

"Ya Makka? Ya zafi? Ya kasuwa? Ya alhazai, sun fara shigowa?"

Ta gefen idona na ga wani abu ya gifta. Jirgin gahawa ne. Bai tsaya a gwiwar Kawu ba, ya wuce shi kamar yadda na Sudan ya wuce kakana. Kawu ya miƙa hannu ya damƙi iska.

Na san a ka'ida ana iya matse hoton kiran gefe a koma kan layin tuƙi. Amma sai ka kalli wayar, ka sa yatsa a kan fuskar surukarka ka ture ta gefe kamar kuda. Ku gaya mini, wane ɗan halak ne zai yi wannan? In kashe kiran kuma tana tsakiyar gaisuwa, gara in kama hanyar Sudan da ƙafa. Inna ba ta gaisuwar gaggawa. Sai ta tambayi kowa, har mai gadin gidan da muka tashi daga cikinsa tuntuni.

Jirgi ya sake zagayowa, yanzu yana feshi. Duk kwanar da ya sha sai gahawa ta yi tsalle ta sauka a darduma, ɗaki ya ɗauki ƙamshin hel, kayan ƙamshin da ake dafa ta da shi, kamar gidan biki. Na dabino yana biye da shi yana harbi. Ɗaya ya sami abokin Kawu a ƙirji, ya ɗauka ya duba ya yi bismilla ya ci.

Bayan labule na ji Hajiya tana raɗa mai kama da tafasar ruwa: "Malam! Kashe shi!"

Da hannun hagu na nuna mata wayar. Ta gane muryar uwarta, ta saki labule. Ita ma ba ta isa ba.

"Ba ni ɗan'uwana," in ji Inna.

Na rarrafa na miƙa wa Kawu da hannu biyu. Yanzu wayar ta bar hannuna ke nan, kuma kun san al'ada, waya in ta shiga hannun baƙi sai ta zaga kowa ya gaisa. Soket ɗin da zan zare yana bayan Kawu, shi kuwa ya ƙara jingina ya gyara zama don hira da yayarsa. Dattijo yana gaisawa da yayarsa ka ce masa ya matsa? Na ɗaga kai na dubi saman kabad ta ƙofa, inda murɗaɗɗiyata ke kwance. Na rantse sai da na ga tana murmushi.

Kawu irin riƙon da dattawa ke yi wa waya ya yi mata, yatsu biyar duk a kan gilashi. Garin haka ya juya kyamarar, ta daina nuna gemunsa ta koma nuna ɗaki. Yana cewa, "Yaya, mun yi ɗawafi lafiya," sai muryar Inna ta katse shi.

"Tsaya. Mene ne ya wuce yanzu?"

"Wani abin surukinki ne."

"Riƙe haka, kar ka motsa. Ga shi nan kuma! Kai, jirgin ƙasa ne!"

Daidai nan jirgin gahawa ya iso kwanar lungu da gudun da ko na gaske bai taɓa yi ba. Ya ce shi da layi sai wata rana. Ya tashi sama, ya kifa finjalansa gaba ɗaya a cinyar Kawu, na dabino ya zo ya hau kansa, wuta ta yi tartsatsi, komai ya tsaya. Farar jallabiya ta koma taswirar ƙasashen da kakana ya ratsa. Shugaban tasha, mai jar hula, yana tsaye a wurinsa yana kallo.

Labule ya motsa, na ga idon Hajiya guda ɗaya, a cikinsa na ga haraj da kujeru har da launinsu.

Sai dariya ta fashe daga cikin wayar. Inna ce. Ta yi dariya har da tari, muna jin ana ce mata ta sha ruwa. Hajiya ta gaya mini daga baya cewa rabon da ta ji wannan dariyar tun mahaifinta yana da rai. Da ta lafa ta ce, "Ɗan'uwa, ka tuna muna yara muna kai gyaɗa tasha? Ranar da ka bi jirgi da gudu wandonka ya faɗi?"

Kawu ya dubi cinyarsa, ya dubi abokansa, ya ce, "Yaya, a gaban mutane?" Amma gemunsa na rawa don dariyar da yake dannewa.

Inna ta ce, "Ina ɗan nan? A tayar da shi in sake gani."

Ina durƙushe na ce, "Inna, ya ɗan ji rauni."

"To a yi masa magani. Ran Juma'a zan kira, in tara jikoki. Kar a taɓa mini shi." Sai ta ɗaga murya don ta san wa ke bayan labule: "Ke ma kin ji ko?"

Daga bayan labule aka ce, "Na ji, Inna." Ban taɓa jin kalma uku sun fito da ƙyar haka ba.

Jirgi bai koma haraj ba. Sai dai mulkina daga aljihu ya ƙare ranar. Inna lambata kaɗai take kira, ta ce ita ce lambar da ke nuna jirgi, ba wanda zai canja mata. Na roƙi Hajiya in sa abin tuƙin a tata wayar, ta ce wayarta ba tasha ba ce. Don haka na hau kujera na sauko da murɗaɗɗiya, na share mata ƙura, na ba ta haƙuri, ɗan akwatin iska ya hau saman kabad a madadinta.

Yanzu duk Juma'a bayan la'asar Hajiya ce ke riƙe wayata tana bin jirgi da kyamara, ni kuma ina tsugune a lungu, fuskata a bango, wanda dama shi ne zaman da ya dace da suruki. An hana ni lodin gahawa har abada, dabino ne kawai, shi ma ba a cika ba. Inna ce ke ba da umarni daga Kano, Hajiya na isar da shi.

"Malam, Inna ta ce ka tsaya a tasha."

"Ai yanzu na tsaya."

"Ta ce ka daɗe. Masu gyaɗa ba su gama ciniki ba."