Gilashin da Ya Sha Turare

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo mana gilashin Baba Bukar ba, don ƙamshinsa ya riga shi shigowa shago. Lokacin ina aiki a shagon hoton Alhaji Mutari da ke bakin kasuwar Gure. Shi Alhaji ke zuwa bukukuwa, ni kuma aka bar mini hoton katin ɗan ƙasa da na 'yan lakwal, wato 'yan makaranta. Da hantsi ne, ba kowa, ina tsakiyar wani littafin soyayya da na karɓo haya, daidai inda jarumar ta jingina da ƙofa tana hawaye, sai ƙamshin turaren wuta ya lulluɓe ni. Na ɗaga kai ina tsammanin amarya, sai na ga tsoho da tsohuwa, tsohon na rungume da wani abu a cikin ɗankwalin siliki.

Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan ba ku san Baba Bukar ba. Shi ne mai hoton Gure tun kafin a haifi mafi yawanmu. Ya kwance ɗankwalin a kan tebur, ga gilashin aparai, wato idon da ake ɗaura wa kyamara a gaba, baƙi, mai nauyi kamar dutsen guga.

Matarsa Ya Falmata ce ta yi bayani. Katinta na ɗan ƙasa ya mutu. Autarta Fanna tana aure a Damagaram, ga ciki ya tsufa, haihuwar fari, likita kuma ya hana ta doguwar tafiya, don haka ba za ta zo gida goyon ciki ba, uwar ce za ta bi ta. Kun san hanyar: ba kati, a bariyar jandarma, wato shingensu na kan hanya, za a sauke ka. Sabon kati kuwa sai an kai kominsariya, wato ofishin 'yan sanda, sabon hoto.

Na ce, "Ai Inna wannan mai sauƙi ne, zauna nan."

Baba Bukar ya tare kujerar da sandarsa. "Yaro, tun da na auri matar nan ba namijin da ya leƙi fuskarta ta cikin gilashi sai ni, kuma ta wannan gilashin. Ta cikinsa na fara ganinta a wani gidan biki. Ƙirar Jamus ne, wani Nasara ya ba ni da zai koma gida."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Abin da nake biyan kuɗin haya in karanta, ga shi tsaye a gabana da sanda. Ya Falmata dai tana kallon rufin kwano.

Da Alhaji ya dawo ya duba, ya ce aikin da saura. Aparan Baba ta fim ce, fim kuwa ya ɓace daga Gure, mai wanke shi ma babu. Dabara ɗaya ce: a ɗaura gilashin a kan aparanmu ta zamani, Baba ya danna da hannunsa. Amma kowace ƙira da irin bakinta, sai ka san wace ce kafin ka nemo zoben da zai haɗa su. Ga shi gilashin ya taɓa faɗowa daga saman kabad, zoben bayansa mai zare ya lanƙwashe. Rubutun da ke zagaye da gabansa kuma wani baƙin danƙo ya rufe shi.

Ni aka ba auduga da alkol, wato ruwan sifirit. Na yi ta gogar zagayen nan a hankali har haruffa suka fito, ba boko ba, ba ajami ba, wasu ma kamar sun juya baya suna fushi. Na ɗauki hotonsu da waya muka tura wa wani abokin Alhaji mai gyaran aparai a Damagaram. Bayan la'asar ya kira, Alhaji ya buɗe murya kowa na ji, har su Baba.

"Wane Jamus? Ƙirar Rasha ce, sun yi su kamar gyaɗa. Ku duba lambar da ke jiki, biyun farko su ne shekarar da aka ƙera shi."

Na duba: bakwai da tara. Ya Falmata ta ɗan yi lissafi da yatsu ta ce, "A shekarar nan ai ɗana na fari har ya fara tafiya."

Na ji kamar an yage mini shafin ƙarshe na littafi. Na ce, "Baba, to gidan bikin fa?"

"A rijiya ya gan ni," in ji ta. "Jakinsa ya ture mini tulu."

Baba Bukar ya ce Rashawa ba su iya lissafi ba. Alhaji ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Mai gyaran ya ce zoben haɗi zai ba direba ya kawo mana. Zoben bayan da ya lanƙwashe kuwa ba a sayar da sabo, sai dai a samo wani gilashin iri ɗaya a cire nasa. Wannan ita ce ƙa'idar tsofaffin kaya, ku riƙe ta: tsoho da ɗan'uwansa ake gyara shi. Na zagaye Gure, daga masu gyaran rediyo har gidajen da aka taɓa yin mai hoto, ban samu ba. Wani direba ne ya ce ya ga mai gyaran agogo a kasuwar Gidigir yana leƙa agogo ta cikin wani baƙin abu kamar gwangwanin tumatir.

Ranar kasuwa na hau mota. Duk hanya ina ta saƙa labari a raina: tagwaye ne, an ƙera su rana ɗaya cikin ƙanƙara, ƙaddara ta raba su, yau ni Lawali zan haɗa su. Na sami mutumin ƙarƙashin rumfa, ga gilashin a idonsa, an naɗe shi da robar taya. Haruffan nan masu fushi ne, lambarsa dai ta fara da takwas. Na zauna na kwashe labarin Baba da Ya Falmata na faɗa masa.

Ya ce, "Samari, kana da aure?"

Na ce a'a.

"Na ga alama. Kwance abin da kake so a baya, ka bar mini inda nake leƙawa. Kuma kada ka ɓatar mini da roba."

Da turnabis ɗinsa, wato sukurudireba, na kwance zoben.

Kashegari Alhaji ya ɗaura shi, zoben haɗi ma ya iso, gilashin ya zauna a kan aparanmu daram. Sai dai da ya ɗaga shi a hasken ƙofa, muka ga wani hazo rawaya-rawaya kwance a fuskar gilashin. Ya miƙa hannu zai ɗauki auduga, Baba Bukar ya daka masa tsawa: "Kul! Haka aka ƙera shi. Sauran kuma aikin hannu ne."

Ya Falmata ta zauna, Baba ya gyara tsayuwa, ya murɗa, ya danna. Da hoton ya fito, na ƙura masa ido. Fuska sumul kamar wata daren sha huɗu, wani haske na zagaye da ɗankwalinta, ba ka ce ta haura talatin ba. Baba ya dube ni ya ɗaga gira. Ni da kaina na raka ta kominsariya, ina riƙe da hoton da hannu biyu.

Ɗan sandan da ke teburin kati mutum ne mai haƙuri. Ya dubi hoton, ya dubi Ya Falmata, ya sake duban hoton.

"Inna, mai katin ita ya kamata ta zo da kanta. Ina 'yar taki?"

"Ni ce, ɗan nan."

Ya ɗauko tsohon katinta ya nuna mini layin da ake rubuta alamomin fuska. Ya Falmata 'yar ƙabilar Manga ce, da tsagar gado a kumatunta, kuma an rubuta. A hoton kuwa ko ɗaya babu. Ya ce shi bai ƙi ba, amma jandarman hanya zai ga kati ya ce da tsaga, fuska ta ce da tsaga, hoto ya ce babu, a nan motar za ta bar ta. A sake wani.

Muna dawowa shago wayarta ta yi ƙara. Mijin Fanna ne, ya ce ƙafafunta sun kumbura, ungozoma ta ce kowane lokaci. Ya Falmata ta kashe wayar, ta ɗauki gilashin ta dire a gabana.

"Goge shi."

Baba ya miƙe. "Falmata, sirrin..."

"Malam, zauna. Goge, ɗan nan."

Na ɗiga alkol na shafa. Audugar ta fito ja-ja, ƙamshi ya tashi, irin na ɗakin amarya. Ta biyu ma haka. Alhaji ya shinshina ya ce, "Wannan ai hayaƙin turare ne."

"Turarena ne," in ji ta. "Da can a ɗakina yake ajiye shi, hayaƙi ya kama shi. Sai na ga amare sun fara layi a ƙofar gidanmu, har daga Bune ake zuwa, wai hoton Bukar na gyara fuska. Na gane. Tun daga nan in na turara kayana sai in kifa shi a kan kasko shi ma. Shi yana cewa hannunsa ne mai albarka, na bar shi da albarkarsa."

Na ce, "Inna, to me ya sa ba ki taɓa yarda wani ya ɗauke ki ba?"

"In yarda, wa zai ji da shi a gida? Kwana uku ba zai ci tuwo ba. Ni ina da madubi, na san fuskata."

A littattafan da na sani, nan ne namiji ke juya baya ya fita cikin ruwan sama. Gure ba ruwa a watan, Baba Bukar kuma gwiwa ta hana shi fita da sauri. Sai ya karɓi aparan ya danna, ko kallon allon bai yi ba.

Hoton ya fito tas. Kowane tamoji yana nan, furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwali tana nan, tsagar kuma ta fito layi-layi kamar an zana da alƙalami. Na miƙa wa Baba ina jin tsoro. Ya matsa bakin ƙofa, ya kai hoton kusa da hancinsa, ya daɗe. Can na ga ya sa yatsa yana bin layukan ɗaya bayan ɗaya.

"Su na fara gani," ya ce. "Da ta juyo za ta zage ni a kan tulun."

"Ashe ka tuna rijiya ce," in ji ta. Amma ta ja mayafi ta rufe bakinta.

Aka yi kati, ta hau mota, ta isa kafin Fanna ta sauka. Namiji aka samu.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, lambar da ke jikin gilashi za ta faɗa maka ƙasarsa da shekarunsa, ba ta ƙarya. Amma kafin ka goge dattin da ka gani a kayan mutane, tambayi matar gidan ko ita ta sa shi. Na kuma rage karatun littattafan nan, don na lura ba wanda ke sa jaki a ciki.

Bayan wasu shekaru yanar ido ta rufe wa Baba Bukar gani. 'Ya'yansa suka kai shi Damagaram aka yi masa aiki, ya dawo da tabarau mai kauri. Na je gaishe shi, na same shi a zaure, tabarau ɗaure da igiya a wuyansa. Na tambaye shi yaya ido.

Ya ce, "An goge ni, yaro, kamar yadda ka goge gilashina. Ta tsufa ƙwarai. Amma tsagar duk suna nan, kullum sai na duba."

Na ce to igiyar fa?

Ya waiga cikin gida, inda hayaƙin turare ke fitowa ta labule, ya rage murya.

"Da shi nake kwana. Matar nan ba abin yarda ba ce."